Naira 75,000 na biya, na faɗo a gaban yarana

Jama'a, yau kwana tara ban iya ɗaga hannun dama ya wuce kafaɗa ba, kuma wallahi ba ciwon ne ya fi ci min rai ba. Naira 75,000 ce. 68,000 kuɗin ƙarfen motsa jiki da ake kafawa a bango a rataya a ja jiki sama, 7,000 kuɗin mota daga Legas zuwa Kano. 75,000 cif.

Kafin wani ya ce me ya kai ka, ni ba sabon shiga ba ne. Shekara shida ina ɗaga ƙarfe. Nauyina kilo 84, ina ɗaura kilo 20 a ƙugu da bel mai sarƙa in ja jikina sama, wato kilo 104 ne a rataye, ban da fizgar da ake yi wajen saukowa, wadda ita ce ke gwada ƙarfe. Shi ya sa tun farko na ƙi irin wanda ake murɗawa ya tokare bakin ƙofa, tunda matsi kaɗai ke riƙe da shi. Na bango nake nema, mai kusoshi. Na san abin da nake nema sarai.

A Instagram na ga shafin mai sayar da ƙarfen. Na yi masa tambayoyi, ban tura kuɗi haka kawai ba. Na ce nawa yake ɗauka, nawa ne kaurin ƙarfen? Sai ya turo saƙon murya, har yanzu yana wayata, na saurare shi ya fi a ƙirga: "Ranka ya daɗe, kilo 250 yake ɗauka, kaurinsa milimita 3. In ya lanƙwashe ko kaɗan, ka turo hoto in mayar maka da kuɗinka." Da Hausa tsantsa, a natse, har yana ba ni haƙuri wai ya makara wajen amsawa don ya tsaya sallah. Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Ranka ya daɗe, kilo 250. Wa zai ji haka ya ce ɗan damfara ne? Nan take na tura 68,000.

Ranar Talata kayan ya iso tasha. A'a, Laraba ce, Talata ce ranar da ya kira ya ce direba ya ƙi lodi sai an cika 7,000, alhali da farko ya ce kuɗin mota na ciki. Na manta ban faɗa ba, bidiyon da ya turo min na wani ƙato yana rataye da nauyi, daga baya ƙanina ya gano shi a wani shafin ƙasar waje. Ba kayansa ba ne ma.

Tun da na ɗauki kwalin na ji shi shafal. Mai waldan unguwarmu da na kira ya kafa min ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai fayif ɗin labule ne." Kusoshin da suka zo da shi masu filogin roba ne, ya ajiye su ya sa na ƙarfe masu buɗewa a cikin kankare, ya kuma kafa a lintal don bulon ɗakin mai rami ne. Ni kuwa na tsaya ina musu da shi, ina kunna masa saƙon murya. Kunyar wannan ta fi ta faɗuwar.

Bango bai motsa ba. Waldar da ƙarfen ya zo da ita ce ta ɓalle, a ja na huɗu, kilo 20 a ƙuguna, yarana biyu suna ƙirga min. Ɗige biyu kawai aka yi aka shafe da baƙin fenti. Na tura hoto kamar yadda ya ce. Ya buɗe, ya yi bulokin ɗina.

Kada ku biya kafin ku riƙe ƙarfe a hannu. Ku je Ƙofar Ruwa ku sayi fayif mai kauri, mai walda ya haɗa a gabanku.

Rasit ɗin tiransfa biyu, saƙon muryar da hoton waldar duk suna nan, zan saka su da daddare in hannun ya bari. 75,000. Har "Allah ya sa albarka" na ce masa bayan na tura.