Kifin ranar Juma'a a bakin Tafkin Arba'in

Shekara tara na yi ina tuƙa wayit, wato motar tanka, a Jidda, irin mai ruwan ɗorawan nan da ke zagawa gida-gida yana zuƙe bayyara, wato ramin masai. Saboda haka in ana maganar ƙazamin ruwa a garin nan, abin da na ɗauka ne da hannuna. Na faɗi wannan ne don a gane dalilin da ya sa da maiɗakina ta ce mu je wani gidan kifi da ke tsakanin Balad, tsohon garin Jidda, da Tafkin Arba'in, mu zauna a waje mu ci, sai da na daɗe ina ja mata rai. Tafkin da na sani shi ne wanda in ka biyo ta Maidanul Bai'a da rani sai ka ɗaga gilashin mota. Masu fitowa daga masallacin Juffali ma da gefen gutura, mayafin da maza ke ɗorawa a ka, suke toshe hanci.

Ta ce, "Alhaji, rabonka da wurin nan tun yaushe? Ka je ka gani da idonka." Juma'ar da ta wuce muka je bayan la'asar, mu huɗu har da yara biyu.

Wurin ƙarami ne, tebur shida a ciki, sai 'yan kujeru a ƙofa. Wani dattijo Bayamane ne ke riƙe da shi. Kifin yana shimfiɗe kan ƙanƙara, kai za ka nuna wanda kake so a auna a gabanka. Akwai najil, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna, sai na ɗauki sha'ur kilo ɗaya da rabi da harid guda biyu. Kafin a ɗora a sikeli na buɗe kunnen kifin, ja wur yake, ido garau. Na ce, "Ya ammi, daga ina?" Ya ce daga Bangala, babbar kasuwar kifi, yake saro shi kullum da asuba, na kwale-kwalen da ke fita can cikin teku. Bai ji haushin tambayar ba, da alama ya saba jinta.

Suyar ta yi. Fatar sha'ur ɗin tana ƙaras-ƙaras, cikin kuma fari tas, bai sha mai ba. Shinkafar sayyadiya ta ji soyayyar albasa har ta yi duhu, tana warwarewa a hannu. Abin da ya fi kama ni shi ne miyar tsamiyar da suke kira humar. Ina kai ta baki sai na tuna kunun tsamiyar azumi a gidanmu na Fagge. Jatan landen da muka ƙara ne bai yi ba, an bar shi a wuta har ya yi tauri kamar roba. Duka da shayi riyal 165 na biya. Ga iyali huɗu ban ce an cuce ni ba, sai dai ba abincin kowane mako ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Jira kuma mun sha shi, kusan minti 50, domin mai suya ɗaya ne kuma Juma'a ce.

Jiran nan ne ya ba ni damar takawa bakin ruwan. Na tsaya na ja numfashi sosai, da gangan. Ƙanshin gishiri na ji, da ɗan ƙarnin teku. Ƙananan kifaye suna yawo a gindin duwatsun da aka jera, wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu yana tsaye yana dakonsu. Ƙaramar 'yata ta leƙa ta ce, "Baba, ga ƙasan ruwan ana gani." Kafin in amsa mata sai da na ɗan yi shiru.

Wanda bai san aikin ba, zai ɗauka shara kawai aka kwashe. Ciwon tafkin nan ya fi haka zurfi. Bakinsa da ke haɗa shi da Bahar Maliya ƙunci gare shi, ga gadoji, kuma tekun Jidda ba ya cika ya janye da ƙarfi kamar na wasu ƙasashe. Babu kogin da ke zubowa ya kore datti. Shekara da shekaru ruwan masai, wanda aka tace da wanda ba a tace ba, yana gangarowa ciki ya kwanta. Shi yake ciyar da gansakuka, ta yi yawa ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, ƙasan ya zama baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muddin taɓon nan yana ƙasa, ko an toshe bututu warin ba zai tafi ba, dole sai an yashe shi.

Mu kuma masu wayit, a da can gabas da gari muke juyewa, a ramin da mutane suka laƙaba wa Tafkin Miski. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwan sama ya ci mutum fiye da 100 a Jidda, unguwar Ƙuwaiza ta fi kowa shan wuya. Makonnin da suka biyo baya ba mu yi barcin kirki ba, don tsoron kada bangon ramin ya ɓalle ya kwararo kan unguwanni. A 2010 aka ƙafar da shi. A ganina tun daga nan aka fara ɗaukar maganar magudana da gaske. Balad ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, a 2014, sannan a 2021 aka ƙaddamar da shirin farfaɗo da tsohon garin, wanda a ƙarƙashinsa aka yashe tafkin, aka gyara gaɓarsa, aka yi lambu da hanyar masu tafiya a ƙasa.

Ban ce ya warke sarai ba. A wata kusurwa inda ruwan ba ya motsi har yanzu kore ne, kuma sai zafin Agusta ya zo za a san gaskiyarsa. Kifin cikinsa dai ba zan ba 'ya'yana ba tukuna.

Da na dawo na leƙa bayan kicin, halin sana'a. Man suyar da ya ƙone a jarkoki yake tara shi, mai saye yana zuwa ya ɗauka, kuma akwai akwatin tare maiƙo a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na san yawan bututun da daskararren mai ya toshe a garin nan, don haka wannan kaɗai ya sa dattijon ya ƙara girma a idona. Inda ya gaza shi ne leda. Shimfiɗar tebur leda, cokali roba, kofi roba, ga iskar yamma tana kaɗawa. A gabana wata shimfiɗa ta tashi daga teburin maƙwabtanmu ta nufi ruwa. Wasu samari 'yan sa kai masu riguna iri ɗaya, da ke bin gaɓar da buhuna, ɗayansu ne ya bi ta da gudu ya cafke. Na yi wa mai wurin magana, ya ce tiren ƙarfe yana son mai wanki, mai wanki kuma yana son albashi. Na fahimce shi, amma ko kwandon shara mai murfi ya ajiye a ƙofa da an rage.

Wanda zai je, ya je ranar Talata ko Laraba bayan magariba, ya nemi sha'ur soyayye da ƙarin humar, ya bar jatan landen. Mu mun yi shawarar komawa in albashi ya shigo, kuma maiɗakina ta ce tirenta za ta ɗauko daga gida.