Land Cruiser 80: wace shekara za ka saya, kuma kayan wace za su shiga wace?

Idan ka hango Land Cruiser 80 daga nesa, sai ka ɗauka duk ɗaya ce, tun daga ta 1990 har ta 1997. Bodin kusan iri ɗaya ne. Sai ranar da ka je neman kayan gyara za ka gane motoci uku ne suke sanye da riga guda. Shekarun da zan ambata na waɗanda aka kai kasuwar Amurka ne, don a wasu ƙasashe canjin bai zo lokaci ɗaya ba.

Ta farko ita ce ta 1991 da 1992, mai injin 3F-E, lita 4.0. Inji ne mai juriya da sauƙin gyara, amma jiki ya fi ƙarfinsa. A hawa sai ka yi ta haƙuri. Birkin baya na diram ne, rim ɗinta inci 15.

A 1993 Toyota ta kawo injin 1FZ-FE, lita 4.5, mai bawul 24, ta kuma ƙara girman birki. Nan masu saye suke yawan ƙonewa. Mutum ya samu tsohon rim mai inci 15, ya ga ramuka shida daidai da nasa, ya ɗora, ya ɗaure noti, taya ta ƙi juyawa saboda rim ya cije birki. Na sabuwar, mai inci 16, yana shiga tsohuwar, amma na tsohuwar ba lallai ya shiga sabuwar ba. Na Land Cruiser 100 kuwa kada ma ka taɓa, ramukansa biyar ne.

Rikicin gaske yana tsakanin 1993-1994 da 1995-1997. Injin ɗaya ne da suna, shi ya sa mai sayarwa zai rantse maka cewa komai zai shiga. Ƙarfen ciki galibi zai shiga, wayoyi ne ba za su yarda ba. Na'urar auna iskar da inji ke shaƙa ta canza, ƙwaƙwalwar inji ta canza, giyar otomatik ta tashi daga A442F ta koma A343F. Dashbod ma sabo ne, mai jakar iska. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka duba gaban motar: rubutun TOYOTA ɓaro-ɓaro na tsohuwar ne, tambari mai zagaye na sabuwar. Sai dai gaban mota ana canza shi bayan hatsari, don haka ka karanta lambar shasi, ka leƙa ƙarƙashin bonet da idonka.

Ni dai da zaɓi ya rage gare ni, ta 1995 zuwa 1997 zan ɗauka. Kwamfutar bakanike tana iya karanta ciwon ta 1996 da 1997, tunda daga 1996 dokar Amurka ta wajabta OBD-II, wato tsarin gano matsalar mota da kwamfuta, kuma Lexus LX 450 ta 1996-1997 'yar uwarta ce ta jini, inji da giya da ƙafa duk suna musanyuwa. Kafin ka biya, ka tambaya ko an taɓa canza gaskit ɗin kan inji, domin nan ne 1FZ-FE ya fi jin tsufa. Ka buɗe murfin man inji. In ka ga ya yi fari kamar madara, ka mayar da makulli.

Masu dizal, wato 1HZ da 1HD-T da 1HD-FT, ba a sayar da su a Amurka ba, kuma kayan injinsu ba su da haɗi da na fetur.