Gargaɗi Kan Mai Sayar da "Maganin Narkar da Mannewar Hanji"

Naira dubu ɗari da tamanin da biyar, jama'a. 185,000. Abin da mutumin nan ya ci a hannuna ke nan, kuma wallahi ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba, maiɗakina ya kusa aikawa lahira.

Yana TikTok, yana Facebook, da farar riga irin ta likitoci da kwalabe jere a bayansa. Cewa yake duk wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ko ta afendis ciki yana murɗa mata, maganinsa zai narkar da mannewar hanji ba sai an sake yanka ta ba.

Kada wani ya zo yana ce min ai da ka yi bincike. Na yi. Tun bayan tiyatar haihuwarta ta biyu likita ya faɗa mana cewa tabon ciki kan sa hanji ya manne, kuma abin kan taso ko bayan shekaru. To da na kira mai maganin nan, bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi: "Alhaji, in ta ci abinci ciki yana yi mata ƙugi, da yamma ya kumbura?" Na ce ƙwarai. Ya ce: "Subhanallah, baiwar Allah tana shan wahala. Ka kwantar da hankalinka, Alhaji, in Allah ya yarda wuƙa ba za ta ƙara taɓa ta ba." Har yanzu muryar nan tana kunnena. Wa zai ji wannan, yana kallon matarsa tana juyi a kan tabarma, ya ƙi? Tambayoyinsa irin na likita ne sak. A nan na sakankance.

Na tura 125,000. A'a, kafin nan akwai 60,000 na kashin farko, wanda ya ce na wankin ciki ne. Sunan da ya fito a asusun ma ba nasa ba ne, na tambaya, ya ce ƙaninsa ne mai POS. 60,000 da 125,000. Aka aiko da saƙo ta tasha: baƙin ruwa a gorar roba da ƙullin gari guda uku. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta sunsuna garin daga baya ta ce filasko ne, wanda ake sha don a yi gudawa. Filasko na 185,000! Lambar NAFDAC da ya manna a gorar kuwa, da aka duba, ta wani kaya ce daban.

Daren da abin ya ɓaci, amai take yi kore shar, ciki ya ɗaure tamau kamar ganga, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Na kira shi hannuna yana rawa. Ya ce: "Alhamdulillah, Alhaji, dattin ne yake fita. Ƙara mata cokali biyu, kuma kada ku je asibiti, yanka ta za su yi." Bai yi ko gezau ba. Yayarta ce ta fizge gorar ta ce sai asibiti.

A can aka zura mata roba ta hanci har ciki ana zuƙo ruwan da ya taru, aka sa mata ƙarin ruwa, aka hana ta ci da sha, aka ɗauki hoto. Likitan ya ce hanji ya toshe, kuma maganin gudawa a irin wannan hali tilasta wa hanji yake ya yi ta turi alhali hanya a rufe take, har ya iya fashewa. Ya ce mannewar nan tabo ne, babu abin sha da ke narkar da shi, kuma da yawa ana shawo kan toshewar da robar hanci da ƙarin ruwa kawai in an zo da wuri. Ita sai da aka shiga da ita tiyata, aka yanke wani ɓangare na hanjin da jini ya daina kaiwa. Yankan da ya rantse ba za a yi ba.

Ina bakin ɗakin tiyata na tura masa saƙo, ashe tuni ya toshe lambata. Ko da yake tun ranar da 125,000 suka shiga ya fara jan ƙafa wajen ɗaga waya. Surukaina har yau ban iya haɗa ido da su sosai.

Hotunan hirarmu, rasit biyu da muryar da ya ce kada mu je asibiti duk suna wajena, zan ɗora su da zarar an sallame ta. Allah ya isa tsakanina da shi.

Duk wanda aka taɓa yi wa aikin ciki, in ya ga kumburi da amai, ba bayan gida ba iska, asibiti kai tsaye. Kada ku tura wa mutumin nan ko sisi.