Darasin tafi da kallon filamenko a unguwar Triana

A watan Oktoba aiki ya kai ni Sebiya a kudancin Sifaniya, birnin da littattafan Larabci ke kira Ishbiliya, sai na sayi tikitin wani ƙaramin gidan filamenko, wato waƙa da rawar gargajiya ta yankin, da ke unguwar Triana, a ƙetaren kogin Guadalquivir. Tikitin ya haɗa darasin awa guda a kan tarihin wannan fasaha da yadda ake tafa mata, sannan wasan kansa, shi ma kimanin awa guda. Da farko na wasa kaɗai na so in yanka, amma wata abokiyar aikina 'yar garin ta ce wanda bai koyi lissafin kiɗan ba, rigar mai rawa kawai zai kalla ya tashi. Na bi shawararta, kuma ban yi da-na-sanin ƙarin kuɗin ba.

Malamar dattijuwa ce da ta taso cikin rawa tun tana yarinya. Ta zaunar da mu a kan kujerun katako, ta ce filamenko murhu ne mai duwatsu uku: waƙa da suke kira cante, kiɗan jita da suke kira toque, da rawa wato baile, kuma a cikin ukun waƙa ce uwa. Daga nan ta shiga lissafin bugu goma sha biyu da ake gina salo da dama a kansa, inda nauyi ke faɗawa a kan na 3 da na 6 da na 8 da na 10 da na 12. Ta koya mana tafi iri biyu. Akwai na taushi, wanda ake lanƙwasa hannuwa kamar za a kamfaci ruwa, don kada a danne muryar mawaƙi. Akwai kuma mai kaifi, wanda ake buga yatsu a tsakiyar tafin hannu idan ƙafar mai rawa ta yi zafi. Duk wanda ya tashi yana jin tafin gaɗa ya san hannu ganga ne, sai dai lissafin nan yana buƙatar kunne ya sake zama ɗalibi, kuma malamar ta yi haƙuri da mu, tana bin mu ɗaya bayan ɗaya har sai da tafin ɗakin ya zama ɗaya.

Inda darasin ya gaza shi ne tarihi. An ba shi minti goma kacal, aka ambaci mulkin Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492, da Yahudawa, da waƙoƙin manoman yankin, da Gitano, al'ummar da asalinta ke komawa arewacin Indiya, wadda takardu suka nuna shigarta Sifaniya a 1425. Aka gaya mana yadda waƙar ta fito daga cikin gidaje zuwa shagunan shan gahawa a ƙarni na 19, har mawaƙi Silverio Franconetti ya buɗe nasa a Sebiya a 1881, da gasar da mai tsara kiɗa Manuel de Falla ya shirya a Granada a 1922 don ceto tsohuwar waƙa mai zurfi, da yadda UNESCO ta sanya filamenko cikin jerin al'adun gado na duniya a 2010. Duk wannan daidai ne, amma an tsallake abin da ya fi ciwo. Ba a ce uffan ba game da 1749, shekarar da aka yi wa Gitano kamun kazar kuku a faɗin ƙasar a zamanin Sarki Fernando na shida, aka raba maza da mata, aka tura mazan aikin dole a wuraren ƙera jiragen ruwa. Ba a kuma faɗa cewa daga ƙarshen shekarun 1950 an kwashe iyalan Gitano daga Trianar da muke zaune a cikinta zuwa bayan gari ba. A ganina, gidan da ke cin abinci da wannan waƙa bai kamata ya ɓoye wa baƙonsa inda kukan cikinta ya samo asali ba.

Da ƙarfe takwas aka rage fitilu. Ɗakin ƙarami ne, babu lasifika, kuma dandamalin katako bai fi taku biyar ba. Mawaƙin ya fito shi kaɗai, ya tsaya hannunsa ɗaya a kan ƙirji, ya buɗe da martinete, waƙar maƙeran Gitano wadda ba a raka ta da jita, domin asalinta ƙarar masaba ce a kan uwar maƙera. Muryarsa a dushe take, tana da ƙaiƙayi, yana jan kalma guda yana lanƙwasa ta har jijiyoyin wuyansa su tashi, idanunsa a rufe. Ban fahimci rabin baitocin ba, amma tsigar jikina ta tashi, kuma a nan na gane dalilin da ya sa malamar ta ce waƙa ce uwa.

Mai rawar ta shigo ne a salon soleá, wanda ke tafiya a hankali cikin nauyi. Ta daɗe ba ta ɗaga ƙafa ba, hannuwanta kaɗai ke juyawa daga wuyan hannu, sai can ta doka dunduniya ta kira mai jita. Takalmanta suna da ƙananan ƙusoshi a baki da dunduniya, shi ya sa kowane taku ke fita tas a kan katako. Abin da darasin ya buɗe mini ido a kai shi ne cewa ba ita ke bin kiɗa ba: mai jitar bai ɗauke idonsa daga ƙafarta ba, idan ta ƙara sauri ya ƙara, idan ta yanke ya yanke tare da ita a kan bugu na goma. Na samu kaina ina ƙirgawa a zuci, kuma lissafin yana fita. Da ta yi wani juyi mai ƙarfi, furen da ke gashinta ya faɗi gefen dandamali, gumi na ɗiga daga haɓarta, ba ta ko waiwaye shi ba. Bayan ta suka yi salon alegrías na garin Cádiz da doguwar riga mai jela, sannan suka rufe da salon bulerías na garin Jerez, inda kowa, har mawaƙin, ya fito ya taka kaɗan sauran na tafa masa suna kiran ole.

Mai jitar gwani ne. Jitar filamenko ta gargajiya da katakon cypress ake yin jikinta, ba ta da nauyi, sautinta a bushe yake, kuma akwai wani faranti siriri a fuskarta da ake ƙwanƙwasawa da yatsa. Sun kuma yi amfani da cajón, akwatin katakon da ake zama a kai a buga, wanda shahararren mai jita Paco de Lucía ya kawo cikin filamenko daga Peru a ƙarshen shekarun 1970. A ɗaki irin wannan ya yi ƙara da yawa, har ya riƙa haɗiye sautin dunduniya a wasu wurare.

Sauran ƙorafina biyu ne. Ma'aikata sun ci gaba da raba abin sha a tsakiyar martinete, ƙarar kofuna na shiga cikin shirun da mawaƙin ke buƙata, kuma babu wata takarda da ta fassara baitocin ko da a taƙaice. Wanda zai je ya yanki tikitin da ya haɗa da darasin, ya isa da wuri ya kama kujerar layin gaba ta gefen da mawaƙi ke zama, domin daga can ake ganin fuskarsa da ƙafar mai rawa a lokaci guda, kuma kada ya tafa yayin wasa ko da ya koya, don masu tafin dandamali su ke riƙe da lissafin. Idan Allah ya sake kai ni Andalus, Jerez zan nufa, in nemi ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masoya waƙar da suke kira peña, inda mutanen gari ke taruwa don sauraro.