Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo: abin da yake gyarawa a Turancinmu

Idan iyaye suka shiga shagunan littattafai a Kasuwar Gumi ko bakin titin Ahmadu Bello a Kaduna suna neman "dikshonari" don yaro mai shirin WAEC ko NECO, galibi Oxford Advanced Learner's Dictionary ake miƙo musu. Aikin A. S. Hornby ne da Oxford ta fara bugawa a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Ya cancanci kuɗinsa, amma amfaninsa na cikin jimlolin misalin da ke ƙarƙashin kowace kalma, waɗanda ɗalibai suka saba tsallakewa.

Yawancin kurakuranmu daga Hausa suke tasowa, domin kalma ɗaya tamu takan rabu biyu ko uku a Turanci. Muna cewa "ara mini biro" da "na ari biro", shi ya sa yaro ke cewa "borrow me your biro". Ƙamus ɗin ya nuna tsarin ƙarara: borrow something from somebody na mai karɓa, lend somebody something na mai bayarwa. Haka "sha": ruwa drink, magani take. Haka "ji": magana hear, warin gas smell, fahimtar harshe understand. Baƙon da ka shimfiɗa wa tabarma guest ne. Ka kira shi stranger, ka ce ba ka san shi ba ke nan.

Abu na biyu da ya kamata malami ya nuna wa ɗalibi tun ranar farko shi ne harafin U da ake sa wa sunayen da ba a ƙirgawa. Hausa tana da shawarwari da bayanai, sai ɗalibi ya rubuta advices da informations a takardar neman aiki. Advice, information, furniture, luggage da equipment duk ba sa ɗaukar s. In ana son ɗaya, a ce a piece of advice.

Kalmomin da ke da alamar makulli su ne Oxford 3000, waɗanda aka fi buƙata yau da kullum. A ɗauki biyar a rana, a kwafi misalin littafin, a ƙirƙiri jimla ta kai a ƙasansa. Kalma mai ma'anoni da yawa kamar get ko run kuwa, kada a tsaya a ta farko. A bi ƙananan kanun da ke cikinta har a kai wadda ta dace.

Yana da gazawa. Turanci yake fassarawa da Turanci, don haka ɗan firamare ko dattijon da ya shiga ajin yamma sai ya haɗa da ƙamus na Hausa da Turanci. Sannan Turancin Ingila ne gindinsa: go-slow a can ma'aikata ne suka rage saurin aiki don nuna fushi, alhali direban Kawo cunkoson motoci yake nufi. Takarda kuma ba ta magana, ga shi p da f suna ba mu wahala, pan ya koma fan. A nan shafinsa na intanet ya fi littafin, domin kyauta ake danna kalma a ji lafazin Ingila da na Amurka.

A kula da jabu. Kafin a biya, a buɗe tsakiya a ɗaga shafi ɗaya a haske: in rubutun baya ya ratso har ya hana karatu, a ajiye. A duba ko lambobin shafi suna bin juna, a kuma lanƙwasa gadon bayan a hankali, domin gam ɗin jabu yakan tsage tun a shago.