Ɗan madubin da ya tona asirin bajona na Jackie Robinson

Wata uku ke nan da sayen wannan madubi, sai yanzu na ga ya kamata in faɗi abin da na gani a jikinsa, don ban so in yabe shi tun yana cikin leda ba. Madubin ƙara girma ne na aljihu, irin wanda masu sayar da zinariya ke karawa a ido. Gilashi biyu gare shi, babba mai ƙara girma sau 10 da ƙarami da aka rubuta wa sau 30. Yana da fitila biyu, fara guda da kuma mai shuɗin haske irin wadda 'yan canji ke haska takardar kuɗi da ita. Dala 18 na biya ta intanet.

A unguwar Bronx ta birnin New York nake zaune, ba nisa da filin wasan kulob ɗin besbol na Yankees, kuma shekara shida ke nan ina tara tsofaffin bajo na wasan besbol, waɗanda ake maƙalawa a gaban riga ko a hula. Duk tsawon wannan lokaci da ido kawai nake saye, sai kuma yarda da maganar mai kaya. Wani dattijo da ke kasa irin waɗannan kaya a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Asabar ne ya ga ina ta jujjuya wani bajo a rana, ya ce mini, "Ɗana, nemi madubi, ido kaɗai ba ya wannan ciniki." Na ji maganarsa.

Wanda na fara dubawa shi ne mafi tsufa a akwatina, bajon Sweet Caporal. Irinsa ne kamfanin taba na American Tobacco ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari daga 1910 zuwa 1912, kuma masu tarawa suna ce masa P2. Faɗinsa bai cika inci ɗaya ba. Nawa ba na shahararrun 'yan wasa irin su Ty Cobb ko Christy Mathewson ba ne, waɗannan sun fi ƙarfin aljihuna, na wani ɗan wasa ne da ba kowa ke tunawa da shi ba. Da na kara gilashin sau 10, sai fuskar mutumin ta warware ta koma ɗigo-ɗigo baƙaƙe, a jere reras kamar saƙar tabarma, manya a wurin inuwa, ƙanana a goshi da kumatu. Haka injin buga hoto na wancan zamani yake aiki. A ƙarƙashin seluloyid ɗin, wato siririyar robar da aka lulluɓe takardar da ita, na ga wasu tabo masu launin ƙasa da danshin shekaru ya bari, kuma daga ciki suke, ba a shafa su daga waje ba. Na juya bayansa. Zoben ƙarfen da ya riƙe takardar ya yi tsatsa a gefe guda, ɗaya gefen kuwa fes, kuma 'yar takardar da ke ɗauke da sunan sigarin tana nan daram. Na kashe wutar ɗaki na haska shuɗiyar fitila, takardar ta yi shiru, ko ƙyalli babu. Na daɗe riƙe da shi a tafin hannu. Abin da wani ya zaro daga kwalin taba fiye da shekara ɗari da suka wuce, ga shi ina ganin har inda allurar ta ɗan lanƙwashe.

Wannan tsari na takarda da seluloyid da zobe, kamfanin Whitehead & Hoag na birnin Newark a jihar New Jersey ne ya yi rajistarsa a 1896, kuma sunansu na bayan tsofaffin bajo da yawa, cikin rubutu ƙanana ƙwarai. Don karanta irin wannan rubutu kaɗai ma madubin ya biya kuɗinsa.

Sai na ɗauko wanda na fi so. Bajon Jackie Robinson ne, mai hotonsa da rubutun da ke cewa mai sanye da shi yana goyon bayansa. A ranar 15 ga Afrilu 1947 ya shiga fili sanye da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42, baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta Amurka a wannan zamani, kuma mutane sun sa irin wannan bajo don a san inda suka tsaya. Shekara biyu da suka wuce na saye shi dala 60 a hannun wani mai sayarwa ta intanet, wanda ya rubuta cewa a cikin kayan kakansa ya tsince shi. Ina kara madubi gabana ya faɗi. Babu jerin ɗigo ko kaɗan, sai barbaɗin shuɗi da ja da rawaya a warwatse kamar an watsa yashi, aikin firintar gida. Tsatsar bayan kuwa iri ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, kamar an shafa ta da auduga. A inda bakin takardar ya leƙo daga ƙarƙashin zoben, shuɗiyar fitila ta sa shi haske fat. Tun daga shekarun 1950 masu yin takarda suka riƙa zuba wani sinadari mai ƙara fari, kuma shi ne ke ƙyalli haka. Takardar 1947 ba za ta yi ba. Raina ya ɓaci sosai a daren, kuma ba don dala 60 ba, don sau nawa na nuna wa ɗana wannan bajo ina ba shi labarin mutumin.

A nan zan ja kunnen mai niyyar saye. Fitilar tana iya ce maka abu jabu ne, amma ba ta iya rantsuwa cewa na gaske ne, domin mai ha'inci yana iya samo tsohuwar takarda. Kuma bajon da aka buga hotonsa kai tsaye a kan ƙarfe, kamar na cingam ɗin Orbit na 1932, babu takarda a jikinsa balle ta yi magana. Haka ma bajon 'yan jarida na World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin besbol, wanda kulob ɗin Philadelphia Athletics ya fara bayarwa a 1911: shi tambarin maƙerin da ke bayansa ake nema, irin su Dieges & Clust ko Balfour, da farar fitila.

Aibin madubin ma ba kaɗan ba ne. Ƙaramin gilashin sai ka kusa manna shi a jikin bajon kafin ka ga komai, kuma tsohon seluloyid ba ya son goga, don haka na daina amfani da shi kwata-kwata. Shuɗiyar fitilar ba ta da ƙarfi, a kasuwa da rana ba ta nuna komai sai ka rufe da hannu ko ka lulluɓa da jaket. Makunnin yana kunna kansa a aljihu, shi ya cinye mini batiran farko cikin sati biyu. Yanzu ina cire batir guda in na gama, in sa madubin cikin ƙaramar jakar fata.

Duk da haka zan sake saya in ya ɓace, saboda babban gilashin nan kaɗai. Bajon Robinson na fitar da shi daga akwati, na faɗa wa ɗana gaskiyar abin da na gani, na kuma ba shi madubin ya duba da idonsa. Ya ce in bar masa shi, yanzu yana maƙale a hularsa ta zuwa makaranta. Dattijon kasuwa ya ce wani abokinsa na da na ainihi, zai zo da shi Asabar mai zuwa, kuma na riga na sayi sababbin batira.