Ƙaramin kamfanin fasaha mai tangal-tangal ko aikin gwamnati?

Ni dai na ɗanɗana duka biyun. A kamfaninmu na manhaja mu tara ne a ɗaki ɗaya, kai ne mai rubuta kod (umarnin da manhaja ke aiki da shi), kai ne mai amsa wayar kwastoma, in wuta ta ɗauke kai ne za ka ja igiyar janareta. Tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, mu kuma kuɗin AWS (kwamfutocin kamfanin Amazon da muke haya ta intanet don ɗora manhajarmu) da dala muke biya, kwastomomi suna biyanmu da naira, shi ke nan albashi ya fara makara, wata biyu wani lokacin uku, oga ya ce a yi haƙuri ai kuna da hannun jari. Hannun jari kuwa ba ya sayen buhun shinkafa. Amma wallahi abin da na koya a shekara ɗaya ya fi na jami'a, kuma da safe ka kawo shawara da yamma an gwada ta.

Aikin gwamnati kuwa albashi kaɗan ne amma kana iya lissafi da shi, ga fansho, ƙarfe huɗu kana gida. Sai dai fayil ɗaya ya yi sati a tebur, hannunka ya yi ta sanyi. Mai iyali ba zan ga laifinsa ba in ya zaɓi wannan. Ni da ba ni da nauyin kowa tukuna, kamfanin na koma.